Tankar da ba ta je Carentan ba, da sojan da aka yanke wa shekara 19

A ƙarshen kashi na uku na Band of Brothers, shirin yaƙi mai kashi goma da tashar HBO ta Amurka ta fara nunawa a watan Satumban 2001, allo yakan yi baƙi, sai rubutu ya fito yana shaida wa mai kallo cewa Albert Blithe, ɗaya daga cikin sojojin da shirin yake bi, bai taɓa warkewa daga raunin da ya samu a Normandi ta Faransa ba, ya rasu a 1948. Ba haka aka yi ba. Blithe ya warke, ya koma kaki, ya yi aikin soja a Koriya, ya kai muƙamin babban saje, sai ranar 17 ga Disamban 1967 ya cika a asibitin sojan Amurka da ke Wiesbaden a Jamus ta Yamma. Wannan kuwa a shirin da aka kashe wa kusan dala miliyan 125, wanda har gobe masu sha'awar tarihin Yaƙin Duniya na Biyu suke auna sauran finafinai da shi.

Kurakuran wannan kashin, mai suna Carentan, ba nauyinsu ɗaya ba. Wasu rashin kayan aiki ne ya tilasta su, wasu ƙarancin lokaci da buƙatar kyamara, wasu kuma tun daga inda aka ɗebo labarin suka taho. Masu farautar kuskure sun fi ɗoki a kan na farko, don su ake iya nunawa da yatsa a hoto. Na ƙarshen ne suka fi ɓarna.

Ranar 6 ga Yunin 1944 sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Normandi ta wurare biyar. Biyu na Amurkawa ne, Utah da Omaha, a tsakaninsu kuma akwai bakin kogi da fadamu waɗanda Jamusawa suka malale da ruwa da gangan. Carentan ƙaramin gari ne, amma ta cikinsa babbar hanyar mota da layin dogo suka ratsa, saboda haka muddin yana hannun Jamus, rundunonin Amurka biyun nan ba za su haɗu ba. Aikin ƙwace shi ya faɗa kan runduna ta 101 ta sojojin laima. Mai tsaron garin shi ne Friedrich von der Heydte, da rajimanti ta 6 ta sojojin laimar Jamus. Shirin kuwa kamfani guda yake bi, wato Easy, na bataliya ta 2 a rajimanti ta 506, wanda ya shiga Normandi da mutum 139, aka janye shi daga bakin daga ranar 29 ga Yuni da 74 a tsaye.

Wanda ya kalli kashin zai tashi da cewa Easy ne ya ci Carentan a safiyar 12 ga Yuni, gida gida, titi titi. An yi wannan faɗan. Gaskiya ne bindiga mai jigida ta danne mutane a kwatamin gefen hanya, Laftanar Richard Winters ya miƙe a tsakiyar titi yana yi musu tsawa su tashi, kamfanin kuma ya yi asarar kimanin mutum goma tsakanin matattu da masu rauni. Sai dai waɗanda suka tarar a garin 'yan tsaron baya ne. Babban gumurzun an riga an yi shi ranakun 10 da 11 ga wata, a kan doguwar hanyar da ta taso daga Saint-Côme-du-Mont ta keta fadama a kan gadoji huɗu. Nan bataliya ta 3 ta rajimanti ta 502, ƙarƙashin Laftanar Kanar Robert Cole, ta yi kusan kwana biyu a kan siririn titi ba wurin ɓuya, ruwa dama ruwa hagu, ana yi mata ɓarin wuta. Da safiyar 11 ga wata Cole ya ce a kafa wuƙaƙe a bakin bindiga, ya busa usur, ya ruga a gaba. Ƙalilan ne suka fara bin sa, sannan saura suka biyo. Wannan ne ya sa aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, ko da yake bai kai ga karɓa ba, domin an harbe shi a Holan a watan Satumban wannan shekarar. A daren ranar von der Heydte, albarusansa sun kusa ƙarewa, ya zare mutanensa daga garin. Da gari ya waye, sojojin rajimanti ta 327 suna shigowa ta wani ɓangaren a daidai lokacin da Easy yake shigowa ta kudu maso yamma.

Babu ko ɗaya daga cikin wannan a allo. Ba za a kira shi ƙarya ba, tunda shirin bai ce tarihin runduna ta 101 yake bayarwa ba. Amma sakamakonsa ɗaya da na ƙarya: mai kallo ya ɗauki ƙarshen faɗa a matsayin faɗan baki ɗaya.

Sai batun tankoki, wanda a nan ne masana kayan yaƙi suke baje kolinsu. Ranar 13 ga Yuni da asuba Jamusawa suka kawo harin ramuwa daga kudu maso yammacin garin. Runduna ta 17 ta SS, wato dakarun jam'iyyar Nazi, ce ta kawo shi, tare da ragowar mutanen von der Heydte. Rundunar ta taso ne daga kudancin kogin Loire, ta sha wahalar hanya saboda ƙarancin mai da motoci da kuma jiragen sama da suke farautar duk abin da ya motsa da rana. Bataliyarta ta sulke ba ta da tankar yaƙi ta ainihi. Abin da take da shi StuG IV ne: igwa mai faɗin baki milimita 75 da aka dasa a gangar jikin tanka, ba ta da kan da yake juyawa, idan za a yi harbi gefe sai an juya motar gaba ɗaya. Nauyinta tan 23, kaurin sulken gabanta milimita 80.

A allo kuwa, cikin motocin da suka ɓullo daga bayan tudu har da Jagdpanther. Wannan wata aba ce daban. Nauyinta ya kai tan 45, igwarta mai dogon hanci ce mai milimita 88, sulken gabanta kuma, ko da yake shi ma milimita 80 ne, a kishingiɗe yake, ta yadda harsashi yakan zame ya yi sama. Ɗari huɗu da 'yan kai kaɗai aka ƙera a duk tsawon yaƙin. Bataliya guda ce ta kai su Normandi, ta 654, kuma da Turawan Birtaniya ta kara, can gabas. Ranar 13 ga Yuni babu ko ɗaya a yankin Carentan.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai tanka tanka ce. Bambancin yana canza ma'anar faɗan. Tankar Sherman ta Amurka mai igwar milimita 75 tana iya karawa da StuG, musamman idan ta fi ta yawa ko ta samu gefenta. Gaban Jagdpanther kuwa ya fi ƙarfinta. Ranar 30 ga Yulin 1944, Jagdpanther uku kacal suka ƙona tankokin Churchill na Birtaniya kusan goma cikin 'yan mintuna. Da irinsu ne suka zo Carentan, da isowar tankokin Amurka ba ta zama ƙarshen zance cikin sauƙi kamar yadda aka nuna ba.

Dalilin kuskuren ba jahilci ba ne. Tankokin Jamus na wancan zamani da suka rage suna tafiya da ƙafarsu ba su da yawa, akasari suna gidajen tarihi, kuma ba mai ba da aron su a je a tayar da nakiya a gindinsu. Abin da masu shirya fim suke yi shi ne su samo motar yaƙi ta bayan yaƙin mai lafiyayyen inji, su yanke samanta, su yi walda da faranti a siffar wadda suke so. StuG ɗin shirin an gina ta ne a kan FV432, motar ɗaukar sojoji ta Birtaniya, Jagdpanther ɗin kuma a kan T-55 ta Rasha. Sama ana iya ɓoye ta, ƙafa ce take tona asiri. StuG III, 'yar'uwar StuG IV, ƙananan tayoyi shida gare ta a kowane gefe, StuG IV takwas, FV432 biyar. Jagdpanther ta gaske manyan tayoyinta shiga juna suke yi, wani na rufe rabin wani, T-55 kuwa biyar ne a jere da rata tsakanin na farko da na biyu. Shi ya sa za ka lura kyamara ta fi son ɗaukar tankokin nan ta gaba, ko a bayan ciyawa da hayaƙi. Idan an kashe kuɗi an ƙera mota guda a filin ɗaukar shirin da ke Hatfield a Ingila, sai an more ta a kowane kashin da ake buƙatar ƙarfe mai ban tsoro, ko tarihi ya kai ta wurin ko bai kai ta ba.

A cikin wannan faɗan akwai abin da aka yi daidai, kuma ya cancanci a faɗa. Ƙasar wannan yanki ƙananan gonaki ce, kowacce kewaye da tudun ƙasa mai tsayin mita ɗaya zuwa biyu, kamar ganuwar tsohon birni a ƙanƙance, bishiyoyi da ƙaya sun tsiro a kai, saiwoyi sun ɗaure shi tun kaka da kakanni. Tanka ba ta iya ratsa shi sai dai ta hau, idan ta hau kuma hancinta ya kalli sama, cikinta mai siririn ƙarfe ya fito fili. Bazukar Amurka ta lokacin, mai faɗin baki milimita 60, abin da take hudawa bai wuce milimita 75 zuwa 80 ba, wato harbin gaban StuG caca ce. Don haka inda aka nuna Laftanar Harry Welsh da mai ɗaukar bazuka sun fito fili sun jira sai da motar ta hau tudu sannan suka saki, ba burgar fim ba ce, dabarar da ta rage musu ke nan. Su ma tankokin Amurka wannan matsalar ta addabe su, har sai a watan Yuli da aka fara yi musu waldar haƙoran ƙarfe a gaba, daga shingayen da Jamusawa suka kafa a bakin teku, don su riƙa tunkuɗe tudun maimakon hawansa.

Lokaci da tazara kuma an matse su, kamar yadda ake yi a kowane fim ɗin yaƙi. Artabun da aka fara da asuba sai bayan azahar aka karya shi, a allo mintuna ne. Sojan ƙasa ana horar da shi ya bar taku biyar zuwa goma tsakaninsa da ɗan'uwansa, don kada harsashin igwa guda ya kwashe mutum shida. Kyamara ba ta son wannan, fuskoki uku take so a hoto ɗaya. Haka abokan gaba: wanda yake cikin rami yawanci ba ya ganin mai harbinsa, walƙiya yake gani a gindin shinge. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne yadda tankokin Amurka suka bayyana kamar daga sama. Ba sa'a ba ce. Masu fasa saƙonnin sirrin Jamus a Ingila sun tsinci labarin harin, aka sanar da Janar Omar Bradley, shi ne ya karkato da wani ɓangare na runduna ta 2 ta sulke, ƙarƙashin Birgediya Janar Maurice Rose, zuwa Carentan tun kafin a fara. Sojan da yake rami bai san da haka ba, kuma shirin da idonsa yake kallo.

Daga nan ne matsalar ta ainihi ta fara. Shirin ya dogara ne a kan littafin da Stephen Ambrose ya fitar a 1992, littafin kuma ya dogara a kan hirar da aka yi da tsofaffin sojojin kamfanin, fiye da shekara arba'in bayan abin ya faru. Mutanen da suka amsa tambaya su ne waɗanda suka rayu, suke zuwa taron shekara-shekara, suke zumunci da juna, suka daɗe suna maimaita wa juna labari har ya zauna a siffa ɗaya. Ba maƙaryata ba ne. Amma kowannensu ganau ne a kan abin da ya faru a taku hamsin da ke gabansa, jiyau ne a kan sauran.

Dubi yadda aka yi da maƙwabtansu. A faɗan 13 ga wata kamfanin F da na D, waɗanda suke hagu da Easy, sun ja da baya, har kwamandan bataliya ya tuɓe shugaban kamfanin F. Wannan ya faru. Amma a kansu ne nauyin motocin sulken ya sauka, kuma sojan laima ba shi da babban makamin tare tanka sai bazuka da gurneti. Ba Easy kaɗai aka bari a fili ba, domin bataliya ta 2 ta rajimanti ta 502 ta shigo ta damansa. A allo duk wannan ya koma magana ɗaya da ake ihu cikin rami, cewa na hagu sun gudu.

Blithe kuwa shi ne wanda wannan hanya ta fi cuta. Ɗan Philadelphia ne, an haife shi a 1923. Makantar ɗan lokaci da ta same shi saboda firgici a Carentan, Winters da kansa ya ba da labarinta. Harbin da aka yi masa wajen sintiri kusa da wani gidan gona shi ma ya faru, sai dai a kafaɗar dama ne, wajen ƙashin wuya, ba a maƙogwaro kamar yadda shirin ya nuna ba. Abokansa sun ga an ɗauke shi jina-jina, kuma bai sake komowa kamfanin ba, domin sai a watan Oktoban 1945 aka sallame shi daga asibiti. Ba ya zuwa taronsu. A hankali "ba mu sake ganin sa ba" ta zama "ai ya mutu", ta samu shekara, ta shiga littafi, ta hau allo. Alhali mutumin yana rajimanti ta 187 ta sojojin laima a Koriya, ya yi tsalle daga jirgi fiye da sau 600 a rayuwarsa ta soja. Ciwon ajalinsa ma gyambon ciki ne da ya fashe, bayan ya halarci bikin tunawa da yaƙin Bastogne a Beljiyam. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Sai da shirin ya fita iyalinsa suka fito da takardu, aka gyara a wasu bugun littafin da suka biyo baya.

Abin da ya sa wannan ya fi na tanka muni shi ne wurin da aka ajiye shi. Mai kallo ya san hirar da 'yan wasa suke yi a rami marubuci ne ya tsara ta. Farin rubutu a baƙin allo kuwa, bayan an buɗe kashin da fuskokin tsofaffin sojojin na gaske suna magana, cewa yake yi wasa ya ƙare, ga tarihi. Kuma duk abin da ya gabata ya riga ya saya wa shirin amana. Kakin da aka sa na Normandi ne, ba wanda aka canza musu a Holan ba. Tambarin da ke gefen hular kwano irin na katin karta, wanda yake bambanta rajimanti ta 506 da ta 501 da ta 502, yana inda ya kamata. Bindigar M1 tana cin harsashi takwas ta tofar da ƙarfen da ƙara. An kai 'yan wasan sansani, tsohon kyaftin Dale Dye ya gasa su kwana goma. Wanda ya ga an kula da maɓallin riga ba zai yi zaton an yi sakaci da ranar mutuwar mutum ba.

Masu shirin kuma sun san ƙwaƙwalwar soja ba abar dogaro ba ce ɗari bisa ɗari, shaidar tana cikin kashin. Labarin da ake yaɗawa cewa Laftanar Ronald Speirs ya raba wa fursunonin Jamus taba sannan ya harbe su, ba a nuna shi a matsayin tabbas ba. An bar sojoji suna ba da shi baki daban-daban, wannan ya ce kaza ne adadinsu, wancan ya ce a'a, kowa daga wani ya ji. Haka ya kamata a yi da jita-jita. Amma Speirs yana raye a lokacin, sai a 2007 ya rasu. Blithe da aka ɗauka ya daɗe a ƙasa, ba a yi masa wannan taka-tsantsan ba.

Binciken da zai hana wannan ba mai wuya ba ne, ko da yake gobarar da ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji ta St. Louis a 1973 ta cinye miliyoyin fayiloli. Kowane kamfanin sojan Amurka yana cike rahoton safe kullum, mai nuna wanda aka kashe, wanda aka kai asibiti, wanda ya dawo, kuma waɗannan rahotanni sun tsira. Kowace bataliya tana rubuta rahoton bayan faɗa, wanda yake nuna wa yake dama wa yake hagu da ƙarfe nawa. Jamusawa su ma suna da lissafin motocin kowace runduna. Maƙabartun soja suna da rajista. Ƙa'idar ita ce, abin da mutum ya ji a jikinsa, tsoro da sanyi da ƙarar harsashi, a karɓa daga bakinsa, rana da adadi da sunan runduna da makomar wani kuwa a nemo su a takarda.

Irin wannan ya sake ɓullowa a gaba. Kashi na tara ya buɗe da kwanan wata 11 ga Afrilun 1945, a wannan zaman kuma aka kawo labarin mutuwar Hitila, wanda sai ranar 30 ga wata ya kashe kansa. Sansanin azabtarwa na Kaufering da aka nuna Easy ya gano, runduna ta 12 ta sulke ce ta fara isa ranar 27 ga Afrilu, 'yan laima suka iso washegari. Garin Berchtesgaden na Jamus ma, wanda aka nuna kamar Easy ne ya fara shiga, runduna ta 3 ta sojan ƙasa ce ta shige shi ranar 4 ga Mayu, Faransawan Janar Leclerc suna biye, kafin rajimanti ta 506.

Sai Laftanar Norman Dike, wanda kashi na bakwai ya mayar abin misali na shugaban da ya daskare a harin ƙauyen Foy na Beljiyam ranar 13 ga Janairun 1945. Gaskiya ne an karɓe kamfanin daga hannunsa a tsakiyar faɗa aka ba Speirs, gaskiya ne kuma manyan kamfanin ba su ga ƙimarsa ba. Amma takardun soja sun nuna lambar yabo biyu ta jarumta: ɗaya a Uden ta Holan, inda ya tattara warwatsattsun sojoji suka riƙe mahaɗar hanya, ɗaya a Bastogne, inda ya janyo mutum uku masu rauni ana harbi, kwana goma kafin Foy. Akwai kuma sojan kamfanin da ya ce ya ga an harbe shi a kafaɗa a ranar, abin da ya tsayar da shi ke nan. Dike ya rasu a 1989, shekara uku kafin littafin ya fito, ba a ji ta bakinsa ba.